Hanci Ya Buɗe, Minshari Bai Tafi Ba

Ina da shekara goma sha bakwai wani bijimin huɗa na mahaifina ya karya mini hanci. A gonarmu ta Magarya ne, farkon damina. Na sunkuya ina gyara masa igiya, ƙuda ya dame shi, ya kaɗa kai ya same ni da goshi. Jini ya zuba, aka jiƙa tsumma aka danna mini, bayan mako biyu kumburi ya sace. Hancin ya warke a karkace ta ciki, inda ido ba ya gani. Tun daga nan ƙofar hagu ta toshe, ta dama kuwa sai ranar da ta ga dama. Da baki na yi numfashi shekara ashirin da wani abu, har na manta akwai wata hanya.

Ni malamin Hausa ne a makarantar sakandare. Gidana yana Wurno, amma a shekarun da nake ba da labarinsu an tura ni wata makaranta a ƙasar Rabah. Kullum in fita a babur da sassafe, in dawo kafin la'asar sakaliya, domin hanyar ba ta yamma ba ce yanzu saboda rashin tsaro. Ina kuma da 'yar fadama inda nake noman albasa da tafarnuwa da rani, kamar kusan kowa a garinmu.

Na san ina minshari, ko hansari kamar yadda muke faɗa a nan. Sanin da na yi masa irin sanin da mutum yake yi wa ƙeyarsa ne, sai dai a ba shi labari. Matata ta taɓa ambatawa a farkon aurenmu, tana dariya, daga baya ta daina. Na ɗauka abin ya ragu ne. Ban san girmansa ba sai da aka kira mu taron ƙara wa juna sani na malamai a Goronyo, aka sauke mu mu shida a aji ɗaya. Da na farka sallar asuba, ni kaɗai ne a ciki. Na leƙa waje na tarar da tabarmi biyar a jere a baranda, mutane sun duƙunƙune cikin mayafi, sauro yana bin su. Wani dattijo a cikinsu, da muke shan koko, ya dube ni da tausayi ya ce, “Malam, ka taɓa bari likita ya duba maka hancin nan?”

Kwana uku aka yi ana taron, ban kama komai daga abin da aka koyar ba. Sauran dare biyun a masallacin makarantar na kwana.

Da na dawo na tafi wani babban asibiti a Sakkwato. Likitan hanci da maƙogwaro, mutum ne siriri mai magana a hankali, ya haska fitila a hancina ya ce guringuntsin da ya raba ƙofofin biyu ya lanƙwashe ya jingina da gefe ɗaya. Ya ce ana iya miƙe shi da tiyata. Ya yi wasu bayanai masu tsawo, ni kuwa kalma ɗaya na riƙe, wato ana iya gyarawa. Bayan wata huɗu aka yi aikin, a lokacin hutun makaranta. Na farka hancina cike da auduga, bakina ya bushe kamar ƙasar fako. Ƙanena ne ya yi jinyata, matata ta zauna da yara a gida.

Ranar da aka zare audugar ba zan manta da ita ba. Iska ta shiga ta ƙofar hagu, mai sanyi, har cikin kaina, sai da hawaye ya zubo mini. Da kumburin ya gama sauka sai ƙamshi da wari suka dawo mini gaba ɗaya. Ashe haka daddawa take a miya. Ashe rumfar da muke shanya tafarnuwa tana cika unguwa. Na tsaya a bakin fadama wata safiya ina shaƙar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kamar wanda ya zo baƙunta garin. Na rufe bakina ina tafiya, abin da ban yi ba tun ina saurayi.

Kowace safiya nakan tambayi matata, “Ya daren jiya?”

Sai ta ce, “Da sauƙi, Malam,” ta ci gaba da dama koko.

Na ɗauki wannan “da sauƙi” na zagaya gari da ita. Na gaya wa abokan aikina na rabu da minshari. Na aika wa dattijon nan na Goronyo saƙon godiya. Har wa'azi nake wa mutane a majalisa a kan su daina tsoron tiyata. Gaskiya ne ciwon kan da nake tashi da shi bai tafi ba, kuma har yanzu barci yana fizgata a ofishin malamai da hantsi, amma na ce jiki ne bai gama murmurewa ba.

Wata Juma'a, wajen wata uku bayan aikin, na samu sahun gaba-gaba a masallaci. Ana zafi. Liman yana huɗuba, ina jin sa sarai, sai kawai na ji gwiwar hannu a haƙarƙarina. Na buɗe ido. Maƙwabcina ne, mai sayar da takin zamani, yana kallon gabansa kamar ba shi ya taɓa ni ba. Mutum biyu a sahun gabanmu sun waiwayo. Wani ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Ban san yadda na idar da sallar nan ba.

Na shiga gida ban ko cire hula ba. Matata tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Na ce, “Ke, hwaɗa min gaskiya. Ina yi har yanzu?”

Ta ajiye faifan. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wayarta. Ta ce, “Ranar Assabar da kad dawo hwadama ka kishingiɗa bayan azahar, na ɗauka. Ban san ko in nuna maka ba.”

Ta danna. Na ji wani abu kamar injin ban ruwa da ya shaƙi yashi, yana ja yana kakarewa. Na ce a raina wannan ba ni ba ne. Ƙarar ta yi ta hawa, sai ta yanke ɗif. A cikin wayar ina jin kaji a tsakar gida, ina jin wata mai talla a waje. Ni kuwa babu ni. Na dubi matata, ta ɗaga mini hannu alamar in jira. Shirun ya yi tsawo ƙwarai. Can sai wani irin shaƙuwa da gurnani suka fashe, kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ƙarar ta ci gaba.

Ta ce, “Ba ƙarar ka hana ni kwana ba, Malam. Na saba da ita tuni. Shirun na. In ka yi shiru sai in tashi zaune in jira. In ya daɗe in taɓa ka da ƙahwa.”

“Tun yaushe?”

“Ya kai shekara huɗu.”

“Kuma kullum kina ce min da sauƙi.”

“Ka sha wuya wurin aikin ga. Na ga kana murna. Mi zan ce maka?”

Na so in yi faɗa, ban samu abin da zan yi faɗan a kansa ba. A ranar na lura da baƙin da ke ƙarƙashin idanunta. Shekara huɗu ina kallon fuskar nan kullum, ina ɗauka aikin gida ne.

Daga wannan rana barci ya zame mini abin tsoro. In na kwanta sai in riƙa sauraren numfashina, ina jiran inda zai tsaya, kuma mutum ba ya iya gadin kansa yana barci. In tashi in zauna, in koma in kwanta, in fita tsakar gida. Da rana kuma ba ni da natsuwa. Ina cikin koyarwa sai in manta abin da nake faɗa. Na zama mai saurin fushi, ina yi wa ɗalibai tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Duk wanda ya ba ni shawara na karɓa. Na ɗiga man shanu a hanci. Na sha zuma da citta da kanumfari. Na tara matasan kai uku na kwana a kishingiɗe har wuyana ya ƙage. Wani ya ce in ɗaure haɓata da rawani don bakina ya rufu, na ɗaure, da safe na tarar da rawanin a ƙasa, matata kuma ta ce ba abin da ya canza sai dai ta sha dariya.

Mahaifiyata tana Magarya a gidan yayana. Da labari ya kai mata sai ta aiko in zo. Na same ta a inuwar zaure tana ɓarar gyaɗa. Ta sa na buɗe baki ta leƙa, ko da yake idonta ya yi rauni.

Ta ce, “Na sani. Belinka na. Ba a cire maka shi ba.”

Beli shi ne ɗan naman nan da ke reto a can ƙarshen baki. A da, wanzami yakan cire wa jariri shi a kwanakin farko. Na ce, “Inna, ai duk 'ya'yanki an cire musu.”

“Ban da kai. Shekarar da anka haihe ka gulbi ya kawo, wanzaminmu shina ƙetare, bai samu hanya ba sai bayan suna. Da yaz zo babanka ya ce a bari, ka yi ƙwari. Ga shi nan ya biyo ka. Likita ya yi nashi, bai yi ba. Ka tahi Goronyo wurin ɗan wanzamin nan, shi ad da askar ubansa yanzu.”

Ni da na yi karatu, nake zana hoton baki da maƙogwaro a allo ina koya wa ɗalibai inda kowane sauti yake fita, na san bai kamata in je ba. Amma na gaji. Mutumin da ya yi wata biyu bai yi barcin kirki ba, in aka ce masa ga hanya, ba ya tsayawa tambaya. Ban gaya wa matata ba. Ranar kasuwar Goronyo na ce mata zan je duba irin albasa.

Na sami wanzamin a rumfarsa bayan 'yan kifi, ƙamshin banda ya cika wurin. Wanda Inna take kira ɗa ya kusa saba'in, gemunsa fari fat. Ya gama yi wa wani aski, ya wanke hannu, ya saurare ni har na gama. Ya ce in juya in fuskanci rana. Ya danne harshena da wani ɗan ƙarfe mai faɗi ya daɗe yana dubawa. Sannan ya goge ƙarfen ya mayar cikin zabirarsa.

Ya ce, “Malam, ba ni taɓa wanga.”

Na ce, “Baba, daga Wurno na taso takanas.”

“Ko daga Makka ka taso. Belinka ba shi da tsawon da za a ce shi na. Dubi wuyanka, dubi harshenka. Wurin duka ya cika, ba abu guda ba na. In na yanke ɗan wanga, jini za ka zubar, ka kwana bakwai ba ka haɗiyar ko ruwa, hansarinka kuma shina nan. Babba ba jariri ba na. Ko jariran ma yanzu na rage.” Ya dube ni. “Wanda ya yi maka aikin hanci shina da rai?”

“Yana nan.”

“To koma mishi. Ka gaya mishi aikin bai ƙare ba.”

Na fito ina jin haushinsa, ina kuma jin wani sauƙi da ban so in amsa wa kaina ba. Na sayi kifi don kada in koma hannu biyu, na manta da irin albasa sam.

Bayan kwana tara na faɗi a hanyar Rabah. Da rana tsaka ne, ina dawowa daga makaranta. Hanya miƙaƙƙiya, ba mota ba rami. Abin da na sani shi ne ina kallon wata bishiyar gawo a gabana, sai kuma na gan ni kwance a cikin gonar wake, babur yana gefe tayarsa tana juyawa. Ban ji lokacin da idona ya rufe ba. Mai gonar, wani mutum da ke cira a can ƙarshe, ya taho da gudu ya ɗaga ni. Ya duba hanya hagu da dama yana neman abin da ya kaɗe ni.

Ya ce, “Akuya ta?”

Na ce, “A'a. Barci.”

Ya ɗebo ruwa a gorarsa ya zuba mini a gwiwar hannu inda fata ta saɓule, ya miƙe mini kan babur da ƙafarsa. Na ba shi haƙuri a kan waken da na tattake, ya ce in bar zancen wake. Da a ce gefen dama na karkata, akwai kwalbati mai zurfi a wurin.

Matata ba ta yi kuka ba da ta ga rigata. Ta wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, ta ɗauki makullin babur ta ƙulle a bakin zanenta. Ta ce, “Gobe Sakkwato. Da ni za a.” A nan na gaya mata zancen wanzami. Ta tsaya da tsumma a hannu, ta ce, “Allah shi saka wa tsohon nan da alheri.”

Na shiga ofishin likita da maganganu a bakina waɗanda na shirya tun daga tasha. Na ce masa an yanka ni a banza. Ya bar ni na gama. Ya haska hancin ya ce aikin ya yi kyau, hanya a buɗe take. Sannan ya buɗe fayil ɗina ya juyo mini da shi, ya nuna wani layi da rubutun hannunsa.

Ya ce, “Malam, ranar farko na gaya maka hanci zai buɗe, amma minshari ban yi maka alkawari ba. Ka tuna?”

Da ya faɗa sai na tuna. Ya faɗa ɗin, ina zaune a kan wannan kujerar, hankalina yana kan ranar tiyatar da za a ba ni.

Matata ta miƙa masa wayar ba tare da ta nemi izinina ba. Ya saurara har wurin shirun, ya mayar baya ya sake saurara yana kallon agogonsa. Fuskarsa ta canza. Ya ɗauko takarda ya zana kan mutum daga gefe. Na gane zanen nan da nan, shi nake yi a allo kowace shekara. Ya nuna naman da ke bayan rufin baki, mai laushi, wanda beli yake rataye a jikinsa.

Na ce, “Hanɗa.”

Ya ce, “Haka kuke ce mata? To ita ce, da tushen harshe. In ka yi barci duk naman nan yana saki. Iska tana wucewa yana kaɗawa, shi ne ƙarar. In ya saki da yawa sai ya rufe hanyar gaba ɗaya, shi ne shirun da Hajiya take ji. Jikinka yana farkar da kai don ka ja numfashi, sau da yawa a dare ɗaya, ba ka sani ba. Shi ya sa kake barci a kan babur. Hanci ƙofar waje ce kawai. Mun gyara ta, amma matsin yana ciki.”

Ya ba ni wani ɗan abu da ake maƙalawa a yatsa, ya ce in kwana da shi dare biyu in dawo, zai nuna yadda iska take raguwa a jinina. Na kwana da shi, na mayar. Ya duba a kwamfuta ya ce abin da ya zata ne, kuma ba ƙarami ba ne. Ya auna ni ya ce jinina ma ya fara hawa.

Na ce, “To mene ne magani?”

Ya ce ba guda ɗaya ba ne, kuma babu wanda ake sha sau ɗaya a huta. Na farko in rage jiki, domin wuyana ya yi kauri tun da na sayi babur na daina tafiya da ƙafa. In daina kwanciya rigingine, in kuma guji duk wani maganin sa barci. Ya ce akwai wani abu kamar haƙoran roba da likitan haƙori yake aunawa ya yi wa mutum, yana turo muƙamuƙin ƙasa gaba kaɗan, amma ya fi amfani ga wanda nasa bai yi tsanani ba. Wanda ya fi yarda da shi a irin nawa na'ura ce mai hura iska a hankali ta wani abin rufe hanci, tana riƙe hanyar a buɗe har gari ya waye.

Matata ta ce, “Da wuta take aiki?”

Ya ce, “Da wuta.”

Muka dubi juna, ni da ita. Shi ma ya yi murmushi, ya san inda muka fito.

“Akwai kuma tiyata ta biyu,” in ji shi, “a rage naman hanɗar a ɗaure shi. Tana da zafi ƙwarai, kuma wasu tana yi musu, wasu bayan shekara kaɗan abin ya dawo. Wannan karon ina so ka ji ni da kyau. Ban yi maka alkawari ba.”

Na ce na ji. Ya ce kada in sake hawa babur sai ya ba ni izini.

A mota muna dawowa ina ta juya abubuwan nan a kaina, kowanne in ɗauka in ajiye. Matata ce ta fara da wanda ya fi sauƙi. Washegari ta ɗauko wata tsohuwar singiletina ta ɗinka mata aljihu a tsakiyar baya, ta jefa ƙwallon goruba ta ɗinke. In na juya rigingine sai goruba ta tokare ni in koma gefe. Makon farko na tsine wa gorubar nan ba adadi. Ta rage mini tuwon dare, ta hana ni fura bayan isha'i. Na rubuta takardar neman a dawo da ni makaranta a cikin Wurno, kafin a amsa kuma wani abokin aikina yana ɗaukata a bayan babur ɗinsa, yana yi mini hira da ƙarfi duk hanya don kada in yi gyangyaɗi. Fadama kuwa da ƙafa nake zuwa in dawo.

Na koma Magarya na gaya wa Inna yadda aka yi, ina tsammanin za ta yi faɗa a kan wanzami. Da na kwatanta mata shirun nan da na ji a waya, sai ta daina abin da take yi.

Ta ce, “Haka babanka ya kasance. Shi yi ta ja, sai shi ɗauke. Ni ma da ƙahwa nike taɓa shi.”

“Ba ki taɓa hwaɗi ba, Inna.”

“Wa za ni gaya wa? Mun ɗauka halittatai ta.” Ta ci gaba da aikinta. “Bai kai sittin ba. Ciwon kai kullum da sahe, kamar kai.”

Mahaifina ya rasu ne bayan shanyewar ɓarin jiki, ina shekarar ƙarshe a kwaleji. Ban san ko abin nan ne ya jawo masa ba, likita ma da na tambaye shi ya ce ba wanda zai iya tabbatarwa yanzu. Amma daga Magarya ban wuce gida ba, sai da na biya wurin mai haɗa sola na tambaye shi irin batirin da zai iya riƙe ƙaramar na'ura dare guda.

Na'urar ta iso bayan an kwashe albasa, daidai lokacin da zafi ya fi tsanani. Ba zan ce na so ta ba. Abin rufe hancin yana sa gumi, igiyoyinsa suna barin shaida a kumatuna har ɗalibai su riƙa kallo. Iskar da take turowa ta sa na riƙa jin kamar na leƙa kai ta tagar mota mai gudu. Kwanakin farko nakan fizge ta cikin barci in jefar, matata ta ɗauko ta mayar mini. Ƙaramar 'yarmu ta ƙi shiga ɗakin kwana biyu. Sannu a hankali na kai awa uku da ita, na kai huɗu. Wata safiya na tashi na zauna a bakin gado ina jin wani abu ya ɓace, na daɗe kafin in gane ciwon kan ne babu. Ranar na gyara takardun jarrabawar aji biyu a zama ɗaya ban yi gyangyaɗi ba. Da na dawo gida na tarar da matata tana barci da rana a kan tabarma, ƙofa a buɗe, tukunya a kan murhu wuta ta mutu. Na hana yara su tashe ta.

Ba kullum ake samun haka ba. In hadari ya rufe rana kwana biyu, batir ba ya kai asuba, sai in koma wa goruba. In mura ta kama ni, na'urar ba ta shaƙuwa. In tafiya ta kama ni zuwa biki ko ta'aziyya a ƙauye, nakan ƙirƙiro dalilin dawowa a ranar, domin ba na son kwana cikin mutane, da na'ura ko babu ita. An dawo da ni Wurno da aiki. Na rage jiki har an rage mini wuyan riguna, likita ya ce in ƙara. Ya mayar mini da izinin hawa babur a cikin gari kawai.

Zancen tiyata ta biyu yana nan bai mutu ba. Sau biyu ana ba ni rana ina ɗagawa, na farko na ce shuka, na biyu na ce jarrabawa. Wani lokaci in na gaji da igiyoyi da batir sai in ce gobe zan je a yi a gama. Sai kuma in tuna sana'ata da baki nake yin ta, in yi ta tunanin ko muryata za ta canza in an taɓa wurin, ko zan iya furta wa ɗalibai sautin “ƙa” da na “ga” yadda ya kamata. Na tambayi likita, ya ce yawanci ba ta canzawa sosai. Kalmar “yawanci” ce ta tsaya mini.

Makon jiya na sake tayar da maganar muna cin abinci. Matata ta ce ita dai a bar wuƙa ta huta, tunda na'ura tana yi. Yayana ya ce a yi aikin a rabu da wahala. Inna ta aiko cewa ko mi za a yi, kada a yi shi da bazara, ciwo ba ya son zafi. An ba ni rana ta uku bayan ƙaramar salla. Ban ce zan je ba, ban kuma kira na ɗaga ba tukuna.